Folima a Sinadaran Haska Hoton MRI: Wace Hanya Ya Kamata Mai Bincike Ya Bi?

Duk wanda ya fara karanta takardun bincike kan sinadaran da ake ɗura wa mutum a jijiya don hoton MRI ya fito rangaɗau, lambobin ƙarfin haske ne ke fara ɗauke masa hankali. Wannan ya ce folimarsa, wato babbar ƙwayar sinadari mai siffar sarƙa ko reshe da ya haɗa, ta ba da 15, wancan ya ce tasa ta kai 30, wani ya ce 36, alhali ruwan da ake ɗura wa majiyyata kullum a asibitoci yawanci bai wuce 4 zuwa 5 ba. Sai mutum ya ce to ai shi ke nan, a ɗauki mai babbar lamba. Amma tun 1987 Robert Brasch da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka jera ƙarfen gadoliniyam a jikin furotin ɗin jini mai suna albumin, hoton jijiyoyin ɓeraye ya fito tar. Kusan shekara 40 ke nan, kuma har yau in ka duba sirinjin da ke hannun ma'aikacin ɗakin hoto, ƙaramar ƙwayar gadoliniyam ce a ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Manyan ƙwayoyin nan sun iya shiga jiki, sun iya haskawa, fita ce ta gagare su.

Na rubuta wannan ne don ɗalibin kimiyyar sinadarai ko haɗa magunguna ko injiniyan kayan asibiti da ya tsaya a mararraba, yana shirin ba da shekara uku ko huɗu na rayuwarsa ga hanya ɗaya. Ina so ya zaɓa ido buɗe, domin a ƙarshen kowace kwalba da zai haɗa akwai jikin mutum da ake fatan wata rana za a ɗura masa.

Na'urar MRI ba ta ganin sinadarin da aka ɗura. Ruwan jiki take saurare, wato furoton ɗin haidirojin da ke cikinsa. Maganaɗisu ya jera su, igiyar rediyo ta ture su, na'ura ta auna saurin komawarsu yadda suke. Gadoliniyam yana da ilektiron 7 marasa abokan zama, shi ya sa duk ƙwayar ruwan da ta raɓe shi take komawa daidai cikin hanzari, wurin ya fito fari a hoto. Lambar da muka fara da ita ma'aunin wannan ƙarfi ne, r1 ake ce mata. Matsalar ita ce gadoliniyam tsirararsa guba ne. Girmansa ya yi kusa da na kalsiyam, sai ya je ya zauna a gurbin kalsiyam ya toshe hanyoyinsa, ya kuma lafe a ƙashi da hanta. Dole a sa shi a keji. Keji iri biyu aka fi sani: DTPA, wanda kamar hannu ne da ya damƙe ƙarfen, yatsu na iya buɗewa ɗaya bayan ɗaya, da kuma DOTA, zobe rufaffe da ƙarfen ke zaune a tsakiyarsa, sai an sha wuya kafin ya fito. Dukkansu suna riƙe shi ta wuri 8, su bar wuri ɗaya da ruwa ke zuwa ya zauna ya tashi.

Abu uku ne ke ɗaga r1: yawan ruwan da ke samun wurin zama a kan ƙarfen, saurin sauyawar ruwan, da jinkirin juyawar ƙwayar. Na ukun ne ya kawo folima cikin zancen. Ƙaramar ƙwaya tana wulwulawa cikin ruwa da saurin da ya wuce kima idan aka kwatanta da bugun furoton a na'ura mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 1.5, wanda yake megahaz 64. In ka ɗaura ta a jikin wani abu mai nauyi ta rage gudu, haske ya ƙaru. Folima kuwa, wato doguwar sarƙa ko reshe na ƙwayoyi masu maimaita kansu, ita ce hanya mafi sauƙi ta samun wannan nauyi. Ta kuma zo da ƙarin amfani biyu: girmanta yana hana ta tsiyaya daga jijiyoyin jini, kuma tana iya ɗaukar gadoliniyam da yawa ta kai su wuri guda.

Abokin gasarka

Kafin ka kwatanta folima da folima, san abin da kake son ka kayar. Magnevist, ƙaramar ƙwayar gadoliniyam mai kejin DTPA, wanda kamfanin Schering na Balin ya fitar a 1988, ana ba da shi milimol 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum. Cikin kamar minti 90 rabinsa ya bar jini, kafin kwana ɗaya fiye da kashi 90 cikin 100 ya fita ta fitsari. Wannan saurin fita shi ne garkuwarsa. Sa'an nan a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gadopiclenol, ƙaramar ƙwaya mai zobe da ke ba ruwa wurin zama biyu, r1 ɗinta ya haura 12, ana kuma ba da rabin abin da aka saba. Ma'anar wannan a gare ka a fili take: folimar da za ta ba da 10 ko 12 a kan kowane gadoliniyam ba ta da abin alfahari ta fuskar haske kawai. Sai dai ta nuna tana yin wani aikin da ƙaramar ba ta iyawa.

Akwai kuma tarihin da ya wajaba ka riƙe. A 2006 wani likitan ƙoda a Ostiriya, Thomas Grobner, ya danganta wata muguwar cuta mai taurara fata da gaɓoɓi da gadodiamide, sinadarin gadoliniyam mai buɗaɗɗen keji, da aka ɗura wa masu ciwon ƙoda. Fata ta yi tauri kamar katako, gwiwa ta ƙi miƙewa, wasu suka rasa rayukansu. Me ya faru? A jikin mai ƙoda lafiyayya sinadarin na fita cikin sa'o'i, amma a jikin wanda ƙodarsa ta gaza sai ya kwana ya wuni yana zagaye, har keji mai rauni ya saki ƙarfen. A 2014 Tomonori Kanda a Japan ya nuna alamar taruwar gadoliniyam a wasu sassan ƙwaƙwalwar mutanen da aka yi wa allurar sau da yawa, ko da ƙodarsu ƙalau take. A 2017 Tarayyar Turai ta dakatar da yawancin masu buɗaɗɗen keji da ake ɗurawa ta jijiya.

A nan nake so ka ɗan tsaya. Folimar da ta fi ƙarfin matatar ƙoda tana yi wa mai lafiya abin da ciwon ƙoda ke yi wa majiyyaci: tana tsawaita zaman gadoliniyam a jikinsa daga sa'o'i zuwa kwanaki ko makonni. Abin da muke kira nasara a takardar bincike, wato daɗewa a cikin jini, shi ne ainihin sharaɗin da ya haifar da waccan cuta. Matatar ƙoda tana barin abin da faɗinsa bai wuce kamar nanomita 5 zuwa 6 ba ya wuce. Abin da ya fi haka sai ya jira ƙwayoyin garkuwar jiki na hanta da saifa su haɗiye shi, a cikinsu kuwa akwai 'yan jakunkuna masu tsami da ke narkar da abin da aka haɗiya, kuma tsami shi ne babban abokin gabar keji.

Miƙaƙƙiyar sarƙa

Hanya mafi sauƙin shiga ita ce a ɗauki miƙaƙƙiyar folima irin su folilaisin ko dekstiran ko foligulutamet a rataya mata keji-keji. Kayan aikin suna samuwa, haɗin ba ya buƙatar ƙwarewa mai zurfi, cikin 'yan makonni kana da abin aunawa. In burinka ka koyi sana'ar, ka iya tacewa da aunawa da ɗaukar hoto, babu laifi ka fara a nan.

Sai dai ribar hasken ba ta kai yadda nauyin ya yi alkawari ba, yawanci ninki biyu zuwa uku. Dalili shi ne sarƙar tana lanƙwasa, kejin kuma yana lilo a bakin igiyar da aka ɗaure shi da ita. Ka ɗauka tuta ce a kan babbar mota: motar na tafiya sannu a hankali, tutar na ta kaɗawa abinta. Gadoliniyam motsin tutar yake ji, ba ruwansa da nauyin motar. Sa'an nan sarƙoƙin ba tsawo ɗaya ba ne. A cikin kwalba ɗaya akwai gajeru da za su fita ta ƙoda yau, akwai dogaye da za su maƙale a hanta, kuma mai ba da izinin magani zai tambaye ka labarin kowannensu.

Akwai wani tarko da masu farawa ke yawan faɗawa. Hanya mafi arha ta ɗaura DTPA ita ce a yi amfani da ɗaya daga cikin hannayensa a matsayin igiyar ɗauri. Haɗin na tafiya sumul, amma ka cire yatsa ɗaya mai ƙarfi daga hannun da ke riƙe da guba, wani lokaci ma kejin ya kama sarƙa biyu ya ɗinke su wuri ɗaya. Akwai keji masu hannu na daban da aka yi musamman don ɗauri, sun fi tsada, kuma su ya kamata ka saya. Bayan ka ɗora ƙarfen ka wanke ta jakar tacewa, ɗiga samfurin cikin ruwan gwajin nan mai suna zailinol. In ya zauna da launinsa na rawaya mai ɗan ja, da sauƙi. In ya fara karkata zuwa shunayya, akwai gadoliniyam da ke yawo ba keji, kuma r1 ɗin da ka auna ka yi murna da shi, wani sashensa na wannan sakakken ƙarfe ne. Ko ya ci wannan gwaji, ka zuba shi cikin ruwan fosfet mai zink a zafin jiki, digiri 37, ka riƙa aunawa kwana biyu ko uku. Zink zai yi ta ƙoƙarin ƙwace kejin, kuma a nan ne za ka ga bambancin zobe da buɗaɗɗen hannu da idonka.

Dendirima

Dendirima folima ce da ake ginawa kamar bishiya, daga cibiya ɗaya reshe ya rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa biyu. Donald Tomalia ne ya bayyana irin da ake kira PAMAM a 1985 yana kamfanin Dow, kuma a 1994 Erik Wiener da abokan aikinsa suka ɗaura mata gadoliniyam. Kowane zagaye na gini yana ninka bakunan da ke waje: zagaye na 2 baki 16, na 3 baki 32, na 4 baki 64, na 5 baki 128, na 6 baki 256. Kyanta shi ne ƙwayoyin kusan girma ɗaya suke, a dunƙule, a cushe, kejin ba ya samun sararin lilo kamar a miƙaƙƙiyar sarƙa. Shi ya sa haskenta ya fi. A na'urar aunawa mai megahaz 20 an samu kamar 30 a zagaye na 5, da 35 a na 7, daga nan ya tsaya a 36 ko an kai zagaye na 10. Tsayawar nan darasi ce: da zarar juyawa ta yi jinkirin da ake so, abin da ke riƙe ka sai ya koma saurin sauyawar ruwa a kan ƙarfen. Ƙara nauyi daga nan ɗora wa jiki kaya ne kawai. Ka kuma lura cewa mayar da hannun keji ɗaya zuwa haɗin amayid, wanda shi ne ɗaurin da aka fi yi, yana rage saurin sauyawar ruwan sau da dama.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne na Hisataka Kobayashi da Martin Brechbiel a cibiyoyin binciken lafiya na Amurka. Sun ɗauki sinadari iri ɗaya, suka riƙa canza girma kawai, suka ga makomarsa a jikin ɓera na canzawa gaba ɗaya. Ƙanana suna fita ta ƙoda, har su ba da hoton sassan ƙodar dalla-dalla. Matsakaita suna zama cikin jini su zana ƙananan jijiyoyi. Zagaye na 6 in an yi allurarsa a ƙarƙashin fata yana bin magudanar ruwan kaluluwa ya nuna ta. Manya kuwa hanta da saifa ne ke kwashe su. Ga mai son fahimtar yadda girma ke juya akalar magani a jiki, babu makarantar da ta fi wannan.

Amma koyo daban, kaiwa ga majiyyaci daban. Duk bakin da ba ka rufe da keji ba yana ɗauke da caji, kuma cajin nan yana fasa jajayen ƙwayoyin jini yana liƙe wa ƙwayoyin ƙoda. Da wuya a cike bakuna 64 cif, balle 256, don haka daidaiton girman da ka saya da tsada sai ya zube a matakin ɗauri. Schering sun yi ƙoƙarin kauce wa wannan da Gadomer-17: reshen laisin a kan ƙaramar cibiya, keji mai zobe 24, nauyi kamar dalton 17,500. An auna shi ya yi girman da zai ɗan daɗe a jini amma ƙoda ta iya fitar da shi. Tsari ne na hankali matuƙa, ya kai ga gwaji a jikin mutane, kuma duk da haka bai shiga kasuwa ba.

Lambobin Gadomer suna koyar da wani abu da takardu da yawa ke rufewa. A cikin ruwan jini ya ba da kamar 19 a Tesla 0.47, ya sauko 16 a 1.5, ya koma 13 a 3, ya faɗo kusan 9 a 4.7. Magnevist kuwa yana nan kusa da 4 a dukkansu. Wato ribar da jinkirin juyawa ke bayarwa tana narkewa yayin da ƙarfin maganaɗisu ke hawa. Na'urorin asibiti 1.5 ne da 3, na'urorin ɓeraye kuma sau da yawa 7 ne ko 9.4. Saboda haka duk lambar da aka nuna maka, tambayi ƙarfin maganaɗisun, tambayi zafin, tambayi a ruwa tsantsa aka auna ko a ruwan jini, sa'an nan ka tambayi a kan kowane gadoliniyam aka lissafa ko a kan dukkan ƙwayar. Ƙwaya mai ƙarfe 200 za ta ba da lamba mai ban tsoro in an tara, amma jiki ƙarfe 200 ya karɓa.

Mai shiga da girma ya fita da ƙanƙanta

In gadoliniyam za ka yi aiki da shi, wannan ce hanyar da zuciyata ta fi kwanciya da ita. Tun ran gini tun ran zane: a sa hanyar rushewa cikin folimar tun daga farko. Zheng-Rong Lu, tun yana Jami'ar Yuta a farkon shekarun 2000, ya haɗa keji da keji da gadar sulfa biyu. A kwalba doguwar sarƙa ce. In ta shiga jini, sinadaran jiki masu sulfa irin su sistin da gulutatayon suna yanka gadojin a hankali, sarƙar ta koma gutsattsari, ƙoda ta kwashe. An samu hoton jijiyoyi da na ƙari mai kyau, abin da ya rage a jikin dabba bayan kwanaki kuma ya yi ƙasa ƙwarai da na folimar da ba ta rushewa. Wasu suna amfani da haɗin da enzayim ke yankawa, ko wanda ruwa ke warwarewa da kansa.

Wuyar aikin tana wurin saita lokaci. In ta rushe da wuri ka koma ƙaramar ƙwaya mai tsada. In ta yi nawa, ƙwayoyin hanta sun riga sun haɗiye ta, kuma gutsuren da ya rushe a cikin ƙwayar halitta ba lallai ya samu ƙofar fitowa ba. Na farko-farkon wannan iri an gina su da DTPA mai amayid biyu, dangin kejin gadodiamide. Kai da ka zo bayan 2006 ba ka da uzurin maimaita wannan, zobe za ka sa.

Wata dabara mai kama da wannan ita ce aron folimar jiki. Gadofosveset ƙaramar ƙwaya ce da ke kama albumin ta saki, ta kama ta saki. Yayin da take riƙe tana haskawa kamar babba, kusan 19 a Tesla 1.5, in ta saki ƙoda ta ɗauke. An amince da ita a Turai a 2005 da Amurka a 2008, aka kuma daina sayar da ita a 2017 don kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Na'urori sun yi sauri, ƙananan ƙwayoyi na yau da kullum sun wadatar a yawancin hoton jijiyoyi. Wanda zai ce folimarsa don hoton jijiyoyin jini ya yi ta, ya fara amsa tambayar abin da ya kayar da wannan. Masu binciken Liyon a Faransa sun bi ta wani gefen da AGuIX, ɗan ƙwallon folisiloksen mai keji a jikinsa wanda bai kai nanomita 5 ba. Ƙoda na fitar da shi, kuma sun haɗa masa aiki na biyu, wato ƙara wa hasken gashin ciwon daji tasiri, har an gwada shi a majiyyatan da ciwon ya bazu zuwa ƙwaƙwalwa. Aiki na biyun nan ne ya ba shi hujjar wanzuwa.

Inda folima ta zama riga

Abin mamaki, sinadaran da suka haɗa da folima kuma suka kai ga majiyyata da gaske, yawancinsu babu gadoliniyam a ciki. 'Yan ƙwallayen oksid ɗin ayon ne, wato baƙin ƙarfe, dangin tsatsa, aka lulluɓe su da folimar sukari don kada su dunƙule. Feridex mai rigar dekstiran ya samu izini a Amurka a 1996, Resovist ya biyo baya a Turai a 2001, duka don hoton hanta. Lafiyayyar hanta na haɗiye su ta yi baƙi, ƙari ya rage da haskensa. Likitoci ba su cika son baƙin tabo ba, domin zubar jini da iska da ƙarfe duk baƙi suke fitowa, kuma Feridex ya bar kasuwa. Ferumoxytol kuwa ta wata ƙofa ya shigo: an amince da shi a 2009 don maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda, sai likitocin hoto suka gane cewa in an ba da kaɗan yana haska jijiyoyi fari tas, kuma rabinsa na kai kamar sa'a 15 a jini.

Fifikonsa a kan duk folimar gadoliniyam shi ne jiki ya san abin da zai yi da ayon. Ba ya buƙatar ƙoda. Ƙwayoyin garkuwa su narkar da shi, ayon ɗin ya shiga ma'ajiyar jiki, a yi jini da shi. Amma kada a ɗauka an gudu an tsira. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani saboda mummunan borin jini mai iya kisa, shi ya sa ake ɗura shi a hankali ana sa ido. Yana kuma barin inuwa a hanta da saifa da ɓargo na makonni har watanni, ta rikita hoton da za a ɗauka daga baya, kuma bai dace da wanda ayon ya riga ya yi masa yawa ba. Ga masanin folima, a nan rigar ce komai: kaurinta da cajinta su ke yanke ko ƙwallon zai daɗe a jini ko hanta za ta cafke shi nan take. In PEG za ka sa, wato folimar polietilin gilaikol da ake yin riga da ita, ka sani wasu mutane na da ƙwayoyin garkuwa da ke gane shi.

Manganis yana da ilektiron 5 marasa abokan zama, jiki ma yana amfani da shi kaɗan, amma kejinsa ya fi saurin saki, kuma in ya taru a ƙwaƙwalwa yana kawo ciwo mai kama da na karkarwar jiki. Ɗora shi a folima mai daɗewa ya dawo da kai matsalar da ka guda.

Babu ƙarfe ko kaɗan

Nan ne fagen da ya fi ɗaukar hankalin matasa, kuma na fahimci dalili. Naitiroksayid ƙwaya ce marar ƙarfe mai ilektiron ɗaya tilo, haskenta ɗan mitsitsi ne, kuma bitamin C na jiki yana kashe ta cikin mintuna. Andrzej Rajca a Nebraska da Jeremiah Johnson a MIT sun tara su da yawa a cikin folima mai rassa, suka kewaye su da PEG, suka samu hoton ƙari a ɓeraye na tsawon sa'o'i. A nan folimar ce ta mai da abin da ba ya aiki ya zama mai aiki, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi.

Folimar fulorin wani salo ne daban. Na'ura na iya sauraron fulorin-19 kai tsaye, ƙarfin muryarsa kashi 83 cikin 100 na haidirojin, kuma naman jiki ba shi da nasa da ake ji. Duk abin da ya haska naka ne, har kana iya ƙirga yawansa. Sai dai ruwan jiki teku ne, fulorin ɗin da za ka ɗura ɗigo ne, don haka sai an tara da yawa an kuma daɗe ana ɗauka. Fulorin ba ya son ruwa, in ka cika shi a sarƙa sai ya dunƙule ya daina motsi, muryar ta ɗauke. Andrew Whittaker a Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya ya daɗe yana neman daidaiton nan. Kafin ka fara, tabbatar na'urar da za ka yi aiki da ita tana da kayan sauraron fulorin, domin yawancin na asibiti ba su da shi, kuma ka yi tunanin inda folimar za ta ƙare, don haɗin kabon da fulorin ba ya ruɓewa da sauƙi a jiki ko a muhalli. Akwai kuma dabarar CEST, inda folilaisin ko dekstiran tsurarsu ke musayar furoton da ruwa a gan su ba tare da an rataya musu komai ba. Tana da ban sha'awa, amma tana son maganaɗisu mai ƙarfi da gwanin sarrafa na'ura a gefenka.

To wanne?

In tambayarka ta hoton yau da kullum ce, ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya ko nono, ƙaramar ƙwaya mai zobe ta riga ta ci wannan kasuwa, kada ka ɓata shekarunka. In kana son abin da zai zauna a jini sa'o'i da yawa, ko majiyyacin da ka sa a gaba mai ciwon ƙoda ne, ayon mai rigar folima ya fi kowace folimar gadoliniyam hujja. In kana son nazarin kaluluwa ko tasirin girma a dabbobi, dendirima ce ma'auninka. In bin sawun ƙwayoyin halitta ko na magani kake so na tsawon kwanaki kana ƙirgawa, fulorin. In kuma zuciyarka na kan gadoliniyam, to zobe, gajeren ɗauri marar lilo, da girman da ko dai ya tsaya ƙasa da matatar ƙoda ko ya rushe ya koma ƙasa da ita.

Mafi yawan masu shiga wannan fage ƙari suke hari, suna dogaro da abin da Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan a 1986: jijiyoyin ƙari suna da ɓaraka, manyan ƙwayoyi na tsiyaya ta nan su taru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarin da aka dasa wa ɓera ya girma cikin mako biyu, bangon a tsage yake ko'ina. A jikin mutum abin ya bambanta daga ƙari zuwa ƙari, har daga gefe zuwa gefe na ƙari ɗaya. Ni a ganina wannan bambancin shi ne aikin da folima ta fi cancanta da shi: a ɗura mai haske mai girman maganin da ake shirin bayarwa, a ga ko ƙarin wannan majiyyacin zai karɓa kafin a ɗora masa magani mai tsada da wahala. Ƙaramar ƙwaya ba za ta iya amsa wannan tambaya ba, domin tana shiga ko'ina.

Kowace ka ɗauka, ka ware kuɗi da dabbobi tun a takardar neman tallafi don gwajin da ba ya ba da hoto mai kyau. Bayan mako ɗaya, da kuma bayan wata ɗaya, a ciro ƙashin cinya da hanta da saifa da ƙoda da ƙwaƙwalwa da fata, a narkar da su a asid, a auna ƙarfen da ya rage da na'urar ICP-MS. A gefe guda a yi wa wasu dabbobin allurar ƙaramar ƙwaya mai zobe, gadoliniyam daidai wa daida, a auna su a ranaku ɗaya. Ƙashin cinya za ka fara dubawa, domin can ne gadoliniyam ɗin da ya kuɓuce wa kejinsa yake zuwa ya zauna.